Gwaggo da Dutsen Guga

Yayana makaho ne. Wata damina a shekarun saba'in ya dawo Kafanchan hutu daga makarantar makafi, riƙe da littafin labarai guda ɗaya da aka ba shi aro. Babu tawada a ciki, sai ƙananan ƙuraje da yake bi da yatsa. Kullum bayan cin tuwo yakan karanta mana, mu masu ido mu yi tsit.

Rufin ɗakinmu yana yoyo, sai littafin ya jiƙe, takardun suka yamutse. Gwaggo, ƙanwar babanmu da ta zo daga Godogodo, mace ce da ba ta tambayar kowa komai. Muna coci ta zuba garwashi a dutsen guga, ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya ta danne su.

Da muka dawo ta miƙa masa, tana jiran godiya. Ya shafa shafin farko, ya shafa na biyu, ya yi ta juyawa har ƙarshe. Ƙurajen duk sun baje, babu abin karantawa. Ni ce na fasa ihu, ni ce kuma na sha mari.

"Ke, rufe mini baki!" in ji ta. "Takarda duk ƙuraje, na gyara masa, laifi ne?"

Har ta mutu ba ta ba shi haƙuri ba. Ranar jana'izarta fasto ya yabi tsabtarta, ya ce duk abin da ta taɓa sai ta bar shi sumul. Wallahi bai yi ƙarya ba.