Katunan Kirsimeti a Rumbun Tsimi

Ko da zan manta da komai na zaman da na yi a ajin yaƙi da jahilci, abin da ya sami katunanmu na Kirsimeti ba zai fita raina ba. Shekarar ma ba ta ɓace mini, domin ita ce shekarar da rana ta yi husufi da hantsi har kaji suka nufi akurki, kuma a cikinta aka yi ƙidayar jama'a. Da kakar wannan shekara abin ya faru.

Lokacin na haura arba'in. Da damina ina noma a gonar gidanmu da ke hanyar Dabai, ƙarƙashin yayana, wanda shi ne maigida tun rasuwar mahaifinmu. Da rani kuma in zauna gyaran takalma a bakin kasuwar Zuru. Ajin namu da la'asar ake yinsa, a wata makarantar firamare bayan yara sun tashi. Mu maza ba mu da yawa. Galibi mata ne, matan sojoji da iyayensu, don a ƙasarmu da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka ga hoton soja a bango ba. A shekarar kuwa da yawa daga cikin mazan suna Sudan wajen aikin kiyaye zaman lafiya.

Wata rana malamarmu ta zo da labari cewa wani saja ɗan unguwa ya zo hutu, kuma yana komawa zai bi rukunin da za su tafi can canji. Duk mai saƙo ta shirya. Ta kawo katin gaisuwa guda daga shagon wani Ibo mai sayar da littattafai don ta nuna mana. Katin yana ƙyalli, da hoton wani gida da ƙanƙara ta rufe, rubutun duk Turanci. Ya zaga hannu hannu har ya kai ga wata tsohuwa da muke kira Inna, wadda ta girme mu duka. Ta kai shi dab da idonta ta daɗe tana dubawa.

"Malama, wanga farin abu gari ne ko gishiri?"

Aka fashe da dariya. Malama ta ce ƙanƙara ce.

"To in na aika wa ɗana wannan, ai sai ya ce uwarsa ta koma Turai ba sallama."

Nan Malama ta ce to mu yi namu mana, da Hausa, kowa ta rubuta a ciki da hannunta. Ta juyo ta dube ni, ta ce mai yanka tafin takalmi ba zai kasa yanka takarda ba.

Haka na shiga aikin. Na samo ƙarfen nan siriri da ake ɗaure dilar gwanjo da shi, na kai wa maƙeri. Muka lanƙwasa shi siffa siffa: tauraro, kurciya, ganye, da wata zangarniyar dawa da ta ba mu wahala ƙwarai. Aka wasa baki ɗaya ya yi kaifi, ɗaya bakin aka kafa shi a katako. In ka ɗora takarda mai launi a kan kututture, ka kifa ƙarfen, ka ba shi guduma sau ɗaya, sai kurciya ta faɗo a tafin hannunka, gefenta sumul kamar ba hannu ya yi ba. Amma sau ɗaya ake bugu. In ka ji tsoro ka buga a hankali sannan ka ƙara, ƙarfen ya riga ya gusa, sai ka sami kurciya mai baki biyu.

Hatimi kuma da robar tafin takalmi na sassaƙa shi da reza. Malama ta rubuta mini "Barka da Kirsimeti" da "Allah ya tsare", na riƙa sassaƙa haruffan a juye ina dubawa a madubi, sannan na manna kowace roba a guntun katako mai mariƙi. Ibon nan ya ba mu ragowar farin kwali da tawadar hatimi, yana cewa, "Oga, kai kana so ka kashe kasuwa nawa, kuma ni ne ina ba ka wuƙa." Da muka ga baƙar tawada kaɗai ba ta yi kyau ba, mata suka kawo shuni da galura, muka jiƙa su a tsumma muna dangwala hatimi. Abin manni kuwa sitacin rogo muka dama, irin wanda ake sa wa kaya kafin guga. Yana kamawa sosai, kuma ba ya ɓata takarda.

Rubutun ciki shi ya fi cin lokaci. Yawancin matan ba su taɓa rubuta wa wani mutum komai ba sai a allon aji. Inna kuwa lamarinta daban ne. Yanar ido ta fara rufe mata gani, kuma ita da bakinta ta faɗa mana cewa ba don karatu ta shigo ajin ba, so take ta rubuta sunan ɗanta da hannunta kafin ganin ya tafi. Hasken la'asar ba ya isar ta, don haka da safe take zuwa wurin sana'ata, ta zauna inda rana ta fi ƙarfi, in ja mata layi mai kauri a kwali. Ta ɓata kati ya fi a ƙirga. Wani harafin ya hau kan ɗan'uwansa, wani ya gangara ƙasa kamar ya ga ruwa. Ni ban taɓa gaggauta ta ba, don ni ma a lokacin sunana da ƙyar yake tsayawa a layi. Ranar da sunan ya fito daidai, ta miƙo mini ta ce, "Ɗana, karanta in ji." Na karanta. Ta ce, "Shi ne." Ta zaɓi zangarniyar dawa na manna mata a gaba, na buga mata "Allah ya tsare" da shuni.

Da aka gama, katunan suka taru a hannuna, domin sai an danne su sun miƙe, kuma ban gama yanka ambulan ba. Na sa su a ɗakina, washegari na tarar ɓera ya ji ƙanshin sitaci ya gutsure kusurwar guda biyu. Na yi ta tunanin inda zan kai su. Mu mutanen tudu, in abu yana da daraja rumbu muke kai shi, ko takardar gona ko kayan amarya, saboda gobara da ɓera. A gidanmu kuma akwai rumbun tsimi, wanda ake zuba tsabar dawa ta sama a yaɓe bakinsa, ba a taɓa shi sai tsakiyar damina lokacin da abinci ya yi wuya. Yaya ya riga ya share shi, ya yi masa hayaƙi, ya bar shi fayau yana jiran sabuwar dawa. An kuma ce sai wani mako za a yi sussuka. Na haɗa katunan da hatiman da ƙarafan yanka a kwali ɗaya, don kada yara su yanke hannu, na naɗe a tsohon buhu, na hau tsani na zura shi ciki da igiya. Ban ga dalilin faɗa wa kowa ba, tunda kafin a taɓa dawa na kwashe kayana.

Sai aka aiko daga Ribah cewa kawun matata ya rasu. Muka hau babur muka tafi gaisuwa, muka kwana biyu.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne golmo. Wannan al'adarmu ce, saurayin da ke neman aure ya zo da abokansa su yi wa iyayen yarinya aikin gona. Ko da yake mu masu zuwa coci ne, Yaya bai saki wannan ba, kuma akwai mai neman 'yarsa. Samarin suka sami sarari, suka zo ba a ranar da aka tsara ba. Masu golmo kuwa ba a ce musu ku koma sai wani mako, kuma su ma so suke a ga ƙarfinsu. A yini ɗaya suka sussuke dawar, mata suka sheƙe, aka riƙa miƙa kwanduna ana juyewa ta sama. Ba wanda ya leƙa ciki, don Yaya ya san rumbunsa a share yake. Da na dawo, na tarar an yaɓe baki an ɗora jinka, laka ko bushewa ba ta gama yi ba. Saja kuma jibi zai tashi.

Na sami Yaya a gindin rumbun yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na faɗa masa. Ya saurara har na gama.

"A ƙasa suke?"

"A can ƙasa, Yaya."

"To sun sami wurin kwana."

Na ce a taimaka a buɗe, ni zan nemo masu kwashewa, in mayar da kowace ƙwaya.

"Ka taɓa ganin Baba ya fasa rumbun tsimi da kaka? Ko shekarar da aka yi bikinka bai fasa ba, gero ya ranto. Rumbun da aka buɗe kafin lokacinsa ba ya auki. In yunwa ta zo a watan takwas, tauraron takarda za ka dafa wa yaran?"

Bai ɗaga murya ba, kuma ni ma ban ɗaga ba. Na san ba ƙeta yake yi ba. Bakuna da yawa ke ci daga wannan rumbu, kuma shi za a tambaya.

Washegari labari ya kai aji, mata suka zo gidan da Malama a gaba. Wata matar kofur ta ce da Yaya, "Baba, dawa ce fa, ba gawa ba, in an tono ta ba za ta yi fushi ba." Wata ta ce su da kansu za su kwashe da kwanonsu. Hayaniya ta yi yawa, har na ga Yaya ya fara duban ƙasa, ina jin da an ƙara matsa masa kaɗan da ya sassauta. Sai Inna, wadda aka riƙo hannunta aka kawo, ta ce a kai ta jikin rumbun. Ta shafa lakar da tafin hannu.

"An yaɓe ke nan?"

Aka ce an yaɓe.

"To ku bar bawan Allah. Ɗan da nake rubuta wa, da dawar tsimi na yaye shi. Ba za a ce don ni aka fasa na wani gida ba."

Daga nan matan suka haƙura. Mai babban rabo a ciki ta ce a bari, sauran kuma suka ji nauyi.

Da yammacin ranar matan suka tafi shagon Ibo suka kwashe katunansa masu ƙanƙara, suka sake rubuta abin da za su iya a gaggauce. Inna ma an kawo mata guda. Ta zauna a wurina da safen da Saja zai tashi, amma katin santsi gare shi, biro yana zamewa, ƙyallinsa kuma yana kashe mata ido. Ta gwada har ta gaji, sannan ta ajiye. Malama ce ta rubuta sunan, Inna ta dangwala babban yatsa a ƙasa kamar yadda ta saba yi a ko'ina. Saja ya karɓa ya sa a jaka.

A watan takwas aka fasa rumbun. Aka yi ta ci daga sama, sai wajen ƙarshen damina aka kai ƙasa. Ni na shiga da kaina. Gara ta samu wata 'yar tsaga a gindi ta shigo, sitacin nan ya riƙe ta a wurin. Buhun ya zama ƙasa, kwalin ma haka. Na tona da hannu ina neman ko da guntun da ke da shuni a jiki, ban samu ba. Kafin lokacin idon Inna ya riga ya rufe, ta daina zuwa aji. Ɗanta ya dawo lafiya daga baya, har ya kawo mini takalmi gyara. Na ba shi labari, sai ya tambaye ni ko rubutun nata yana da kyau. Na ce masa ana karantawa.

Abin da na koya shi ne, ajiyar da mutum ɗaya kaɗai ya san da ita ba ajiya ba ce, komai kyawun wurin. In gida na mutane da yawa ne, sai ka faɗa da baki. Kuma abin da wani ya gama da hannunsa, a ba shi ya riƙe, ko da bai miƙe ba.

Ƙarafan yanka sun fito da tsatsa, na goge su, har yau suna aiki. Abin da ya tafi shi ne katuna talatin da ɗaya, hatimi biyu da gara ta cinye katakonsu, dawar Yaya wajen kwano shida da ta haɗe da ƙasa, da sunan da Inna ta rubuta sau ɗaya.