Karyar da Na Yi wa Addu'a

Lokacin da kuɗin mai suka shigo, yayana ya samu aiki da kamfanin titi a Kaduna. Kowa rediyo yake kawo wa gida tsaraba, shi kuwa sai littattafan zane na Turawa, waɗanda matattu ke tashi suna cin rayayyu. Ina aji uku a sakandare, hutu ya kai ni gida Ruwan Godiya, na zauna na cinye su kaf.

Matattun ba su dame ni ba. Rayayyun ne abin tsoro. Dokarsu ɗaya: wanda aka ciza ya gama yawo. Miji ya rufe wa matarsa ƙofa, ɗiya ta harbe ubanta, a raba abincin gwangwani a wuce. Na ce a raina, gaskiya ce tsirara, haka mutum yake.

Sai karyar maƙwabcinmu, wani dattijon Bamaguje mai noman dawa, ta cafke ni a ƙwauri ina dawowa daga rijiya. Kafin na iso gida magana ta riga ni: wai karyar mahaukaciya ce.

Baba ya goya ni a babur zuwa wurin malamin asibiti. Ya wanke ciwon da sabulu har na yi ihu, ya yi mani allura, ya ce kada a kashe karyar, a ɗaure ta a sa mata ido. In ta wuce kasuwa biyu lafiya, ni ma na tsira.

Na koma ɗaki na ja ƙyaure, ina jiran a guje ni. Ina! Inna ta banko shi da kwanon tuwo, ta sa hannu tare da ni.

Na ce, "Inna, ki matsa. In na haukace cizonki zan yi."

Ta ce, "Da kina goyo wane irin cizo ne ba ki yi mani ba? Ci, don Allah."

Daga nan 'yan dubiya suka ɓarke. Gwaggo daga Mairuwa da rubutu a gora, ƙishirwa ko babu sai na sha, kowa ya zuba mani ido ya ga ko zan firgita da ruwa. Kakata kuwa kullum sai ta leƙo: "Amarya, yau an fara haushin?" Har na fara kwaɗayin irin kaɗaicin mutanen littafin.

Kowace safiya nakan ɗingisa zuwa gindin tsamiyar da aka ɗaure karyar, in kai mata ɗumame. Can nake tarar da Baba, mutumin da ko inuwar kare ba ya so, tsugune da dattijon suna duban idonta kamar masu cinikin saniya. Ban taɓa roƙa wa wani mahaluki tsawon rai kamar yadda na roƙa mata ba.

Kasuwa ta ci, ta sake ci. Ranar na same ta ta kwashe ruwan kasko tas tana kaɗa wutsiya, 'yan kwikwiyonta na turereniya a cikinta. Ashe kusa da su na bi, shi ya sa ta cije ni. Na zauna daɓas a ƙasa.

Dattijon ya ce, "Ɗiyata, tashi, kada ta ƙara maki."

Littattafan kuwa, Inna ta shimfiɗe su a ƙasan kwalla, ta ce takardar na da kauri.