Tsuntsuwar da Ke Auna wa Baba Gaji Ruwa

Baba Gaji manomin shinkafa ne a fadamar Nguru. Shekara arba'in bai taɓa zuba iri ba sai ya tura kwalekwalensa cikin kacalla, doguwar ciyawar ruwa, ya duba sheƙar wata 'yar tsuntsuwa. Bayanta ruwan ƙasa, cikinta fari-fari, bakinta siriri kamar allura. Ƙwari take ci. Ba ta yarda a gan ta, sai dai a ji waƙarta daga cikin ciyawa. Idan ta saƙa sheƙa daidai gwiwarsa, ruwan bana kaɗan ne, a shuka a kwari. Idan ta kai ƙirji, a hau tudu. Rabin ƙauyen da bakinsa suke shuka.

Bana tsuntsayen jan-baki suka sauko wa gero kamar hayaƙi. Bulama, mai garin, ya tara mutane, ya ce jirgin feshi zai zo, a nuna inda suke kwana. Kowa ya nuna kacallar gabas.

"Ranka ya daɗe, ba nan ba ne," in ji Baba Gaji. "Tsallaken kogi suke kwana. Tsuntsuwar da ke nan ba ta cin hatsi. A dubi bakinta mana!"

"Ka ji tsoho!" in ji Kyari, abokin wasansa. "Wa zai tsaya duba bakin tsuntsu? Ko sadakinta ka biya ne?"

Aka kwashe da dariya.

"Kai da ba ka bambance akuya da tunkiya, ina ruwanka?"

Dariyar ta ƙaru. Bulama ya ce ƙaramin tsuntsu duk ɗaya ne, aka tashi.

Jirgin ya zo ranar Laraba da la'asar, ya zaga sau uku. Washegari Baba Gaji ya shiga kacallar. Babu waƙa ko ɗaya. Ya tsinto matattun tsuntsaye guda tara suna yawo a kan ruwa, ya jera su a bakin kwalekwale yana duba bakunansu ɗaya bayan ɗaya. Duk sirara. Sheƙa kuwa ba su riga sun fara ba.

Jan-baki suka dawo gonaki tun kafin azahar.

Bayan mako biyu Kyari ya zo ƙofar gidansa da buhun iri a kan jaki. Bai yi tsokana ba.

"Gaji, kwari ko tudu?"

Baba Gaji ya daɗe yana kallon gabas. Ya taɓa gwiwarsa, ya taɓa ƙirjinsa, sannan ya sauke hannun.

"Wallahi ban sani ba, Kyari."