Harsashin Gwanki a Cikin Harami

Maigidana maharbi ne kafin mu zauna a unguwar Misfala a Makka. Ranar da muka ɗauko haramin Umra, muna cikin mota sai ƙanensa ya bugo waya daga gida. Wai bindiga zai saya, wane harsashi ne zai kayar da barewa, ya kuma kayar da gwanki?

Bakin Malam har rawa yake. "Ai barewa daban, gwanki daban. Ka nemi mai…"

Na riƙe hannunsa. "Malam, harami fa ke jikinka!"

Ban yi karatu ba, amma na ji a wa'azi cewa mai harami ko nuni ba ya yi wa maharbi. Ya yi salati, ya kashe wayar.

Sai da aka yi masa askin fita daga harami hankalina ya kwanta. A bakin shagon askin ya kira ƙanen, ya ƙarasa zancensa.