Sharaɗi na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Doña Hermelinda Choque ta yi tana zama a bakin kotun garinmu, ita da tafiretarta a kan ɗan tebur, tana buga wa mutane takardu. Ba lauya ba ce. Aji biyar ta tsaya, sauran ta koye shi a bakin masu ƙara. Amma tana da ƙa'ida guda: duk sharaɗin da ta buga, sai ta ɗauke hannu, ta karanta shi da Sifaniyanci, ta mayar da shi Kecuwa, harshen mutanenmu, mai bayarwa ya maimaita da bakinsa. In ya kasa, ta yage takardar.

Na ga aikinta ranar da na kai mahaifiyata, Mama Sabina, za ta mallaka mini gidanmu kafin aurena. Sharaɗi uku suka wuce lafiya: sunaye, iyakoki, da cewa kyauta ce.

Sai Doña ta dubi Mama. "To uwa, ke a ina za ki kwana?"

"A ɗakina mana."

"Takardar nan ba ta san kina da ɗaki ba."

Na ce, "Doña, uwata ce fa. Ni zan kore ta?"

"Kai? Da wannan fuskar ko kaza ba za ka kora ba. Amma babbar mota kake tuƙawa a hanyar duwatsu, ɗan nan. In ka faɗa kwazazzabo, gida ya zama na magadanka. Alƙali layi zai karanta, ba halinka ba."

Mama ta ce a bar shi haka, abin kunya ne uwa ta nemi shaida a kan ɗanta. Doña ta naɗe hannu. Masu jira suka taru. Mai sayar da lemo ya ce, "Doña, tafiretar ce ta mutu, ko ke?" Ko kallonsa ba ta yi ba.

Tunda nake ban taɓa jin Mama ta ce wani abu nata ne ba. Can ta yi magana, kanta a ƙasa.

"Ɗakin da ke kallon gabas. Da murhu. Da ɓauren tsakar gida. Har ranar da zan mutu."

Doña ta buga, ta karanta, Mama ta maimaita, wannan karon har masu jira suka ji. Ta dangwala yatsa.

Na tsaya ina kallon layuka ukun nan na sharaɗi na huɗu. Ni, ko matar da zan aura, ko wani da ba a haifa ba tukuna, ba mai iya fitar da ita daga ɗakin.