Lauyar Bishiyar Mangwaro

Asabar ɗin ƙarshen watan Maris ce, shekarar da nake aji biyar na firamare, na hau kan turmin Mama Ladi na yi wa mutanen gidanmu jawabi. An gama sharar wata-wata ke nan, manya sun zazzauna a kan bencuna ƙarƙashin bishiyar mangwaro suna fifita da murfin kwano. Mamata ta zuba mini harara, don hawa turmi ba aikin 'ya mai tarbiyya ba ne, amma na riga na hau.

Gidan haya ne a Mararaba, ɗakuna suna kallon juna, bishiyar tana tsakiya. A gindinta muke wanke-wanke, mu yi carafke da 'yar gala-gala, mu yi faɗa a kan nunannen mangwaron da ya faɗo da asuba. Mai gidan, Baba Ɗanjuma, manomi ne ɗan asalin Karshi, yakan zo da doya ɗaure a bayan babur. Shi ne ya ce zai sare bishiyar ya gina ɗakuna biyu. Manya suka yi gunaguni a bayan idonsa, a gabansa kuwa sai "Allah ya ja kwana, Baba." Abin ya ƙona mini rai, na kuma ga kamar na san maganinsa.

A bas na yi karatun abin. Duk ranar da babu makaranta nakan raka Mamata kasuwar Wuse inda take sayar da atamfa, kuma a doguwar bas ɗin akwai wani mutum mai tallar garin goge haƙori. Ya daɗe yana ɗaure mini kai. Mutane za su shigo fuska a murtuke, amma kafin mu sauka sai ka ga hannuwa a sama ana "Oga, miƙo ɗaya." Na zuba masa ido ina neman inda asirin yake. Na lura ba ya buɗe jakarsa sai mun maƙale a cunkoson Nyanya. Yakan fara da addu'a, ta Kirista da ta Musulmi, sannan ya shiga labarin ciwon haƙori, har sai na ga manya suna lalubar dasashinsu da harshe. Ni da ba na iya haɗiye tambaya, wata rana na ja masa riga na ce me ya sa yake ɓoye maganin. Ya yi dariya ya ce, "Sai mutum ya tuna inda ke masa ciwo yake jin magana."

Da wannan na shiga bin mutanen gida ina neman ciwon kowa. Mama Ladi a inuwar take suyar ƙosai. Oga Sande, direban tasi, nan yake shimfiɗa tabarma idan rana ta take. Malam Isa tela nan yake fito da kekensa idan an ɗauke wuta. Na yi ta gwada jawabin a bayan ɗaki, kaji na tsaye suna kallona.

Ranar kuwa na zuba shi tas. Na buɗe da addu'a iri biyu, aka kwashe da dariya, ban kula ba. Na tambayi Mama Ladi inda za ta kai kaskonta a zafin nan, na ce wa Oga Sande kwanon rufin ɗaki zai gasa shi kamar masara. Dariyar ta lafa, kawuna suka fara gyaɗawa, har wani ya tafa. Daɗi ya cika ni, na ce a raina bishiya ta tsira.

Baba Ɗanjuma, da ke zaune cikin manyan, bai tashi ba, bai ɗaga murya ba. Da irin Hausarsa ya ce, "Yarinya ya yi magana mai kyau." Sai ya tambaye ni wane ɗaki ne namu. Na nuna. Ya ce a daidai wurin gadonmu akwai wata ɗorawa da ta girmi mahaifinsa, kuma da hannunsa ya sare ta don ya gina mana ɗakin, ranar bai iya cin tuwo ba. Ya ce lokacin iyayena suna kwana a barandar coci, ina goye, sauro ya yi mini rugu-rugu da fuska. Na waiwayi Mamata, ta sunkuyar da kai, na gane gaskiya ne. Sannan ya ce yanzu haka akwai wata mata da 'ya'yanta suna kwana a wani kango kusa da tasha, ruwan farko kuma ya kusa. "Ke za ki zaɓa," in ji shi. "In kin ce a bari, na bari."

Ina tsaye a kan turmi, kowa na kallona. Haushinsa na ji, sosai ma, domin ya gano inda ke mini ciwo alhali ni ban san da wurin ba. Na sauko a hankali na ce a sare. Litinin da na dawo daga makaranta na tarar da sarari fetal, rana ta cika tsakar gida, na shige ɗaki na yi kukana. Da aka fara gini, ina cikin yaran da suka ɗebo wa magina ruwa.

Yau aikina ke nan, tsayawa gaban mutane a ofisoshin Wuse ina nuna hotuna a bango don su yarda da shawarar kamfaninmu. Suna saurare rabi, rabi suna latsa waya, su tafa, su ce za su neme mu. Wani lokaci nakan yi marmarin a samu wani dattijo a ƙarshen tebur da zai bar ni in gama, ya amsa mini har in canza ra'ayi. Tun daga kan turmin nan ban sake samun wanda ya saurare ni haka ba.