Ƙaramar Tukunyar Malam

Jiya ƙamshin miyar taushe ya shigo daga maƙwabta, sai malaminmu na Turanci ya faɗo mini a rai. Dattijon Ba'indiye ne, ya zo Talata Mafara lokacin da ake gina madatsar Bakolori, aka ba shi gida kusa da namu.

Mahaifina mahauci ne, a wurinsa ba a karrama baƙo sai da nama. Duk ranar kasuwa yakan aika masa tsoka mai kyau, Malam ya karɓa da hannu biyu yana godiya. Ashe tun haihuwarsa bai taɓa cin nama ba, mai gadin makaranta ne ke ta shan lagwada.

Da Baba ya gano, ya same shi rai a ɓace ya ce, “Malam, mi ya hana ka hwaɗa muna?”

Malam ya ce, “Alhaji, tsoro na ji. Ranar da kuka daina aikowa, na koma baƙo.”

Tun daga ranar Inna ta ware masa ƙaramar tukunya, kabewa da yakuwa, babu ko ƙashi.

Ya daɗe da rasuwa can ƙasarsu. Allah Ya sa duk inda jikokinsa suka sauka, su sami mai ɗora musu ƙaramar tukunya.